Na kasa faɗin sunan ɗana na fari a gaban kwamitin majalisa

Daga admin: Wata dattijuwa daga ƙasar Anka ce ta turo wannan da murya, ta ce ita ba ta yi boko ba, in rubuta in sa a gurup. Na rubuta yadda ta faɗa. Ta roƙi a sakaya sunanta da na garinsu, sunan autanta ma na canza shi.

Assalamu alaikum jama'ar wanga zaure, manya da yara. Don Allah ku ba ni shawara. Ni tsohuwa ce, na ga jikoki, na goya wasu sun girma, wasu kuma an ɗauke su daga bayana an kai makwanci, ban taɓa zaton zan kawo maganar cikin gidana gaban mutanen da ban sani ba, amma abin ya fi ƙarfin ƙirjina.

Ɗiya maza biyu Allah ya bar mani, babban da autana Sanusi, matan suna gidajen mazansu, mahaifinsu ya rasu da jimawa. Babban shi ne ɗana na fari, kuma ku da kuka tashi ƙasarmu kun san uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yabonsa gaban mutane, ba ta shiga faɗansa. Tun ranar da aka raɗa mashi suna bakina bai taɓa furta shi ba, kakarsa ta goye shi, ni sai dai in ce kai, ko in ce wancan. Haka na tarar uwata na yi da yayana, haka na yi, ban taɓa ganin laifin abin ba sai bana.

Shi babban, manomi ne tun asali, gero da dawa da wake, har zinari ya bayyana a ƙasarmu, maza suka koma haƙo dutse. A lokacin cikin gida ake kawo dutsen, a niƙa, a daka a turmin da muke daka hatsi, yara na rarrafe cikin ƙurar, ba wanda ya san akwai guba a ciki. Shekarar da gubar dalma ta ci yara, ɗiyansa biyu suka tafi cikin bazara guda, mace da namiji, zazzaɓi, sai amai, sai jiki ya sanƙare ido ya kafe. Namijin a bayana ya cika, ina tsammanin barci shika yi. Da likitoci suka zo aka kankare ƙasar gidanmu kaf aka kwashe, aka zuba sabuwa, babban ya tsaya tsakar gida ya rantse dutse ba ya ƙara shiga gidan nan in dai shina numfashi. Ina ɗaki na ji shi, ban fito ba, ban ce mashi sannu ba, uwa ba ta yi wa ɗan fari haka.

Kwanci tashi, bayan an daɗe har mun cire rai, matarsa ta haifi 'ya mace, ya sa mata sunana. Shi ma ba ya iya kiran sunan, sai dai ya ce Inna ƙarama. Yanzu ta fara gudu ta fara surutu, in na zauna sai ta zo ta fizge mani carbi ta ce tsohuwa tashi ki yi aiki. Ita kaɗai gare su.

Gona kuwa ta gagara, tana can cikin daji, mutanen daji masu bindiga sun hana zuwa, wanda ya je ko dai a ɗauke shi ko shi dawo da gudu. Sai babban ya koma niƙan dutse a dandalin da aka ware bayan gari, shi yi wanka can, shi canza kaya can, kana shi shigo gida. Sanusi kuma shina kabu-kabu a Bukkuyum da mashin ɗin wani, bai yi aure ba, ranar kasuwa ce kawai shike samun na kirki.

Ana nan ana nan sai muka ji a rediyo wai majalisar jiha tana muhawara kan abin da za ta sa gaba a kasafi, wasu 'yan majalisa na cewa a raba wa samari mashina da kekunan ɗinki, wasu na cewa a'a, rabo ba ya ɗorewa, a ɗauki magidanta masu iyali da gona ta gagare su a koya masu sana'a, ana ba iyalinsu abinci har su gama. Aka ce kwamiti zai zagaya shi ji bakin talakawa. Da suka zo Anka mai gari ya aiko a tafi da mu, mu matan gidajen da suka rasa yara, aka cika mota da mu.

Ɗakin taro ya cika, maza gaba mata baya, ga mai gari, ga liman, ga dangin mijina, ga surukaina iyayen matar babban sun taso daga Gummi. Babban shina tsaye jikin taga, ya taso daga aiki, na gan shi da gefen ido. Aka miƙo mani abin magana, na yi bayani yadda Allah ya ba ni iko, na ce ranka shi daɗe mu ba mashin muke so ba, mashin ana ƙwace shi a hanya, mu a fitar mana da mazan gida daga cikin ƙurar dutse, a ba su aikin hannu wanda za su shigo gida da shi su ɗauki ɗiyansu ba tsoro. Onarabul shugaban kwamiti ya ce Inna kin yi magana, za mu fara gwaji da mutum guda daga kowane gida da aka yi rashi, a kai su Gusau su koyi gyaran famfon sola da injin ban ruwa, in ya yi kyau majalisa ta sa shi a doka. Sai ya ce, Inna, wa za mu ɗauka a gidanki, faɗi sunansa kowa shi ji.

Jama'a, Allah shi ne shaida, babban ne a zuciyata, don shi na yi maganar duka. Na buɗe baki, na ga liman, na ga surukaina suna kallona, sai harshe ya yi nauyi kamar an ɗora mashi dutsen niƙa. Onarabul ya ce Inna muna jin ki. Wata a bayana ta taɓa ni ta ce ki yi magana mana. Sai na ji bakina ya ce Sanusi. Aka tafa, aka wuce ga ta gaba. Da na waiga jikin taga ba kowa.

Da muka dawo gida babban ya gaishe ni kamar kullum, ya ce Inna an dawo lafiya, ya ci tuwo ya fita. Da ma ya yi faɗa da na fi samun sauƙi. Matarsa ce ta same ni ina tsinke zogale, yarinyar da tun da aka kawo ta gidan nan ba ta taɓa ɗaga mani murya ba, ta ce Inna su wa suka mutu, ɗiyan Sanusi ne ko nawa. Ta ce da jinin ɗiyanta aka sayi gurbin nan aka ba wanda ko mata bai ajiye ba. Na ce kin san al'ada, ta ce ta sani, ita ma ba ta kiran sunan nata na fari, ga shi can kwance bayan gari, har ya tafi bai ji sunansa a bakinta ba, kuma ba ta ga abin da kunyar ta tsinana mata ba.

Sanusi kuwa da labari ya same shi a Bukkuyum ya mayar wa mai mashin da mashin ɗinsa, ya zo gida shina dariya, ya durƙusa gabana ya ce ashe Inna kina ji da ni, ni da nake zaton tsohuwar nan ta fi son awakinta. Ya ce iyayen yarinyar da shike nema, da suka daɗe suna ja mashi rai don ba shi da sana'a tsayayya, yanzu sun ce shi turo magabata. Ya ce in ya dawo injiniya famfon farko da zai gyara na unguwarmu ne don in daina aike rijiya. Yaron nan tun rasuwar ubansa ban ga haƙoransa haka ba. Na kasa ce mashi ba kai nike nufi ba.

To abin da ya sa na kasa barci shi ne wanga. Mutanen daji sun fara zuwa dandalin niƙa suna karɓe abin da aka wanke, masu injin suka rage zuwa, aiki ya yi ƙaranci. Ran nan da hantsi na zagaya bayan rumbu neman kaza, sai na ga buhu biyu an rufe da zana, na ɗaga, dutse ne. Ga tsohon turmi an kafa, ga taɓaryar ƙarfe. Da babban ya shigo na tare shi, ban kalli fuskarsa ba, na ce kai, ina rantsuwar. Ya ce Inna rumbu ya ƙare, gona ba ta zuwuwa, dandali ba ya zamuwa, mi zan ba iyali. Ya ce shina yayyafa ruwa kafin shi daka, shina korar yarinyar. Na ce wancan karon ma ai muna korarsu. Ya ce, Inna an tambaye ki gaban mutane kin faɗi wanda kika faɗa, ni ban riƙe ki ba. Shekaranjiya na kama Inna ƙarama bayan rumbun, ta tara tsakuwar tana wasan girki, hannu fari fat, tana kai wa baki. Matarsa ta ce in buhunan nan ba su fita ba za ta ɗauki ɗiyarta ta tafi Gummi, kuma ba ta dawowa.

Na sa aka kai ni wajen sakataren kwamiti, mutumin kirki, ya saurare ni. Ya ce Inna mutane da yawa suna zuwa a ɓoye a canza masu suna, har an fara zargin ana sayar da gurbi, don haka onarabul ya hana, ba a canza kowa sai a zaman da za a yi Gusau kafin a kwashi masu koyo, wanda ya faɗi suna da bakinsa shi zai tashi gaban kwamiti shi janye, shi faɗi sabon suna da dalili. Na ce a ba gidana biyu mana, ya ce in aka ba ki biyu an hana wata uwar da ita ma ta yi rashi. Ya ƙara da cewa in na faɗi dalilin gaskiya zai taimaki masu son a sa koyon sana'ar magidanta gaba, don masu son rabon mashina suna cewa maganar dalma ta wuce, an share ƙasa an gama.

Mai gari da ya ji ya aiko a kira ni, ya ce in yi hattara, in na tashi gaban gwamnati na ce dutse ya dawo cikin gidaje, ba gidana kaɗai za a shiga ba, za a iya kama babban, a rufe dandali, gari duka shi kwana da yunwa, kuma sunana za a riƙa kira. Babban da kansa ya aiko matarsa ta gaya mani kada in je, shi ba zai ci abin da aka cire daga bakin ƙanensa ba, in aka ba shi ma ba ya zuwa. Amma na san shi, ni na haife shi ko ban goye shi ba, in ya ji na tashi gaban duniya na kira shi, zai je. Sanusi har yanzu bai san komai ba, shina can shina ɗinka kayan tafiya.

Yau bayan sallar asuba na ja ƙyaure, ni kaɗai a ɗaki, na ce bari in gwada faɗin sunan ko bakina zai saba. Na kama harafin farko, na tsaya. Na sake, na tsaya. Mutum ya haura arba'in, da furfura a gemunsa, ban taɓa kiransa ba ko sau ɗaya, ɗaki ba kowa ma na kasa, ina ga gaban majalisa.

Ku da kuka yi karatu, ku da kuka san yadda gwamnati take, ku gaya mani. In na je Gusau na faɗi gaskiya, kama shi za su yi ko koya mashi za su yi? In gaya wa Sanusi tun yanzu, in karya mashi aure da sana'a rana guda, alhali bai yi mani laifin komai ba? Ko in yi shiru kamar yadda na saba, in bar matar ta tafi da yarinyar, gidan babban shi mutu amma yarinyar ta rayu? Kuma ku mata 'yan uwana masu ɗan fari, akwai wadda ta taɓa kiran nata gaban mutane, ta gaya mani yadda ta yi bakinta ya buɗe?

Ku yi mani sauri don Allah, zaman ya matso. Yanzu haka da nike maganar ga ina jin taɓarya bayan rumbu, na ɗaure Inna ƙarama a bayana tun safe, tana ta harbin ƙafa tana cewa tsohuwa sauke ni in je wajen Baba, ni kuma bayana ya tsufa, ba zan iya riƙe ta haka kullum ba.