Na Ɓoye Takardar 'Yata a Tukunyar Toka

Assalamu alaikum mai shafi, da ku masu karatu. Allah ya sa kun wuni lafiya. Ban yi boko ba, ban iya rubutu ba. Murya na turo, na roƙi mai shafi ta rubuta yadda na faɗa, kar ta gyara ni in fito mutuniyar kirki. A ɓoye sunana. Wanda ya gane ni ya yi shiru, Allah ya rufa masa nasa. Ku ji ni har ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci. Zagin da za ku yi mini, na riga ku yi wa kaina.

Ni mutuniyar Barkiya ce, ƙasar Kurfi. Yanzu ina Dutsin-Ma, ɗaki ɗaya da 'yar rumfa, ina ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Abin da ya taso ni daga gida kowa a nan ya san irinsa. Maigidana da ɗana namiji sun tafi gona da safe, aka dawo mini da su a amalanke. Na yi takaba, na ɗaure tukwanena na taho. Haihuwa shida na yi, ɗaya ta rage mini, ita ce 'yar fari. Kun san al'adarmu da ɗan fari: ba a faɗin sunansa, ba a janyo shi a jiki, ba a nuna an damu da shi. Ana yaye ta aka ba baffanta riƙonta, ƙanen mahaifinta, wani Alhaji mai sayar da hatsi a nan Dutsin-Ma. Shi ya sa ta boko, shi ya tura ta Sudan karatun nas. Shekarunta nawa a can, muryarta kawai nake ji, ita ma sama-sama: kina lafiya, lafiya lau, to madalla. Ta gama ke nan faɗa ya ɓarke a ƙasar. Ta fito da jaka ɗaya, takardunta ɗaure a cikinta da ɗankwali. Da ta iso Baffan ya gyara mata ɗaki a gidansa, ta ce a'a, wurin Inna za ta zauna. Karon farko ke nan da na kwana ɗaki ɗaya da 'yata tun tana shan nono.

Ashe wanda ya yi karatun jinya a waje ba ya taɓa majinyaci a nan sai ya sake zama jarrabawa. Haka ta yi mini bayani. Za ta kai takardunta na asali a tantance, ta yi horo na wasu watanni, ta rubuta jarrabawa, sannan a ba ta lasisi. Ranar da ta zo ta fiddo babbar takardar daga cikin leda, mai kauri, da hatimi ja a ƙasa wanda ya taso kamar ƙurji. Ta kama yatsana ta ɗora a kai. Ta ce, "Inna, taɓa nan. Shekara biyar ɗina ke nan." Na janye hannuna na ce akwai mai a jikinsa. Daga nan karatu ta sa a gaba. Ina tuya tana gefe da littafi mai girman turmi. Ta ce a jarrabawar har da nuna aiki a gaban malamai, saboda haka ni ta mai da majinyaciyarta. Sai ta shimfiɗa tabarma ta kwantar da ni, ta fita, ta yi sallama ta shigo.

"Sannu Hajiya, ni ce mai kula da ke yau. Kin yarda in taɓa ki?"

"Hajiya a ina? Ko Katsina sau nawa na je?"

"Inna, ki bari mana. Cewa za ki yi kin yarda."

"In na ce ban yarda ba fa?"

"Sai in rubuta majinyaciya mai taurin kai ce, daga Barkiya."

Na yi tsaki na miƙa mata hannun. Ba zan ɓoye muku ba, daɗi nake ji. Babu wanda ya taɓa tambayata ina ke mini ciwo.

Wata rana da la'asar ina matsar tunkuza, na ji ta a waya da ƙawarta da suka yi karatu tare. Ta ce tana samun lasisi za ta nemi aiki a Saudiyya, in bai samu ba ko Abuja, ta ɗauke Innarta daga gaban wuta. Na ji wannan na ƙarshen, ba zan ce ban ji ba. Amma ni na san tafiya. Wanda ya ce mini yana dawowa da azahar ma bai dawo ba, balle mai hawa jirgi. Me ya hana in buɗe baki in ce mata ki zauna kusa da ni? Da wane bakin? Ni da ko sunanta ban taɓa kira ba, sai "ke", sai "waccan"? Kwana uku ina juya abin. Ranar kasuwa ta tafi gidan Baffanta, na buɗe jakarta. Ban san baƙi ba, amma yatsana ya san hatimin. Na ce wa kaina adanawa zan yi, gari ba lafiya, ɓarayi sun yi yawa. Ƙarya ce. So nake ranar tantancewa ta wuce, in ƙara samun shekara ɗaya da ita, daga baya in ce ga ta na tsinta a bayan kwalla.

Ban yi niyyar lalata ta ba, Allah shaida ne. Na adana ta yadda na san ana adana abu mai daraja. A gidanmu irin wake a cikin toka ake sa shi, a tukunya, a liƙe bakin da taɓo, ya shekara ko ƙwaro ɗaya bai shiga ba. Kuma ba a sa iri a leda, gumi yake yi ya ruɓe. To da wannan hankalin na zare takardar daga ledarta, na mai da ledar jaka da fotokwafinta da sauran takardu a ciki don kar ta lura. Na naɗe ta, na tankaɗe toka mai laushi, na binne ta a tsakiya, na liƙe, na tura tukunyar lungun rumfa bayan itace. Har ina yaba wa kaina, na ce ko gara ba ta isa ba.

Saura kwana biyu a tafi tantancewa ta buɗe jakar. Ban taɓa ganin mutum ya zazzage ɗaki haka ba. Ta ɗaga katifa, ta kwance kayan sawa ɗaya bayan ɗaya, har cikin kwanukana. Ta ce, "Inna, ba ki ga wata takarda mai kauri ba?" Na ce, "Ni me na sani da takarda?" Ta zauna a ƙasa ta dafe kai. Ta ce ita ce da laifi, ƙila a shagon fotokwafi ta baro ta ranar da ta je. Washegari Baffanta ya je shagon da kansa. Mai shagon dattijo ne, mai ɗan gemu. Alhaji ya tara masa jama'a, ya kira shi maciyin amana, ya ce zai kai shi wurin 'yan sanda. Mutumin ya ce a kawo Alƙur'ani ya dafa. Ina gida aka kawo mini labari, na ce Allah ya kyauta, na ci gaba da tuyata. Har yau in na wuce ƙofar shagonsa da galan ɗin mai a kai sai ya taso ya gaishe ni, ya ce, "Inna, an dace kuwa?" In ce tukuna. Ya ce, "Ina sa ta a addu'a." Wace irin mace ce ke amsa wannan da amin? Ni ce.

Abokan karatunta suka tafi, ita ta zauna. Ta nemi makarantar ta waya, ta rubuta musu, shiru. Wata ta ce mata ginin ma babu kowa a ciki, malaman sun watse. Na ɗauka za ta ajiye littafin. Ba ta ajiye ba. Ta ce za a sake karɓar wasu, kafin nan ƙila Allah ya bayyana ta. Ta rame, wuyanta ya fito, amma kullum da hantsi sai ta shimfiɗa tabarmar nan. Rannan ta ɗaura mini abin awon jini, ta matsa, ta duba, ta sake.

"Inna, jininki ya hau. Me kike sa wa a ranki?"

"Tsadar gyaɗa."

"Gyaɗa ba ta kai mutum nan. Ko dai takardar nan ce? Don Allah ki cire ta a ranki, ni na yar da abata, ba ke ba."

Na juya fuskata bango. Ta ɗauka kunya ce irin tamu.

A ranar na yanke zan fiddo ta. Lokacin damina ta yi nisa, an yi kwana da kwanaki ana ruwa. Na jira ta fita, na janye itacen. Ashe kwanon rumfar ya huje daidai lungun, yana ɗiga a kan tukunyar tun farkon ruwa. Taɓon ya narke ya rufta ciki. Tokar ta zama caɓi. Ni da nake tace ruwan toka in zuba a miya, na san abin da yake yi wa tafin hannu, balle takarda. Na sa hannu na lalubo ta, ta biyo ni kamar tuwon da ya kwana a ruwa. Tsakiyar ta tafi gaba ɗaya. Abin da ya rage bai fi tafin hannuna biyu ba: gefen ƙasa da hatimin, da wasu lambobi, da layi ɗaya na rubutu da ban san me ya ce ba. Na shanya a faifai a ƙarƙashin gado, da ya bushe na ƙulle a tsumma na sa a ƙasan kwallata. Ranar da aka kawo mini gawa biyu ƙafafuna sun ɗauke ni. Ranar nan a lungun rumfa sai da na rarrafa.

Wata biyu ke nan ina ɗauke da wannan. Na ce tunda ta lalace, faɗar ba ta da amfani, sai dai ta ƙara mata ciwo. Da haka nake lallashin kaina, har shekaranjiya. Muna cin tuwo da rana ta ce, "Inna, ƙawata ta tambayo mini. Ta ce in da wuta ce ta ci ko ruwa, aka samu ko guntu ne mai hatimi da lamba, in haɗa da fotokwafi da takardar rantsuwa ta kotu, ƙila su duba. Ba tabbas, amma ƙila. Amma a ce ta ɓata ɗungurungum, sai makarantar ta rubuto. Wa zai rubuto?" Ta yi 'yar dariya ta ce, "Da ma ɓera ne ya ci ya rage mini kunne." Sannan ta ce, "In wannan karon ma ya wuce na haƙura. Baffa ya ce akwai mai kantin magani da ke neman wadda za ta zauna masa. Shi ke nan, ga ki ga ni." Abin da na nema ke nan tun farko. An miƙo mini shi a kwano. Na tashi na ce zan duba wuta, alhali babu komai a kan murhu.

Na yi tunanin in jefa guntun a inda za ta tsinta da kanta. Ba zai yiwu ba. Tokar ta shiga jikinsa, ya yi fari-fari, ko makaho ya shinshina ya san inda ya kwana, kuma a gidan nan mutum ɗaya ke ajiya a toka. Na yi tunanin in ce adanawa na yi don tsoron ɓarayi na manta. Wa zai manta, yarinya tana zazzage ɗaki a gabansa tana kuka? Ko ta yarda, a kotu sai ta rantse yadda aka yi takardar ta lalace. In na ba ta ƙarya, ƙaryata za ta ɗauka ta rantse da sunan Allah a kai. Na cuce ta a duniya, in ƙara mata da ta lahira? Ga dattijon nan mai shago da aka ci wa mutunci a tsakiyar kasuwa. Ga Alhaji, wanda ya riƙe ta tun daga yaye bai taɓa goranta mini ba. Da wane ido zan kalle su?

Kwana tara ya rage a rufe karɓar takardu, kuma ta kotun ma sai an je da wuri. In na miƙa mata tsumman nan, ƙila ta samu, ta tafi, kuma ta tafi da sanin wace ce uwarta. Ƙila ma su ƙi karɓa, in rasa ta a banza tana zaune a gari ɗaya da ni. In na yi shiru tana nan a gabana, tana auna mini jini, tana ba ni haƙuri a kan abin da ni na yi mata. Na san wanne ne daidai, jahilcina bai kai nan ba. Bakin ne ba ni da shi. Sau biyu jiya ina buɗe kwallar, ina jin motsinta a tsakar gida in mai da murfi. In fara zuwa wurin Baffanta ne ya tsaya a tsakaninmu, ko in rufe ƙofa daga ni sai ita? In ajiye mata a gabanta in yi shiru, ko sai na faɗi dalilin? Iyaye mata da ke karanta wannan, da ku 'ya'ya da aka taɓa yi wa irin haka, ku gaya mini gaskiya ko da ɗaci. Mai shafi za ta karanto mini a murya.

Me zan yi?