Tafiyar Awa Biyu a Sama

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da jirgin kayanka. Bayan haka, Mama ta sake kira. A wurinta nahiyar Asiya unguwa ɗaya ce. Tunda na zo karatu nan, kai kuma kana aiki can, gani take katanga ce kawai tsakaninmu.

Likita ya ce idonta na dama ya tafi, na hagun ma ya fara haɗa kaya. Hoto ɗaya take so, ni da kai tare, tun tana iya gani. Na duba, daga filin jirginku zuwa namu awa biyu ne a sama. Na taɓa jiran tela fiye da haka.

Ka huta lafiya.
Autarku

Auta,

Sallama. Na ga saƙonki, Allah ya ba Mama lafiya. Ke a takarda kike ganin awa biyu. Ni nake loda kaya, ni nake raka su, ni nake saukewa, hutuna kuwa barci ne. Ki haɗa hotunanmu a waya mana, ku 'yan jami'a ba ku rasa dabara. In ke za ki zo, ki bari aiki ya lafa. Kuma in kin je filin jirginku kada ki zauna a bencin kusa da mai shayi, na'urar sanyi na ɗiga a kansa tun watan jiya.

Sai na ji daga gare ki.
Yayanki

Yaya,

Ina gaisuwa. Na gode da shawarar benci. Na je na gani, tana ɗiga kuwa. Ban dai san ana jin ɗigarta daga wata ƙasa ba.

Mai shayin ya ce akwai wani dogo da rigar ma'aikatan jirgin kaya da ke sauka duk Alhamis. Shayinsa ba sukari, kuma in ya zauna sai ya cire takalmi ɗaya. Marigayi Baba ma haka yake yi. Daga bencin nan zuwa ɗakina bas ɗaya ne.

Hoton waya na gwada, na tura gida. Mama ta kawo shi dab da hancinta, ta ce rana daban take dukan kowannenmu.

Allah ya tsare hanya.
Auta

Auta,

Sallama. Ni ne. Nakan ciro waya in kira ki, sai in mayar aljihu. Fuskarki ta Mama ce, kuma kin san tambayar da ke biyo bayan gaisuwa: yaushe za ka dawo gida? Ba ni da amsa, na kuma gaji da ƙirƙiro ta.

Ki gaida Mama.
Yayanki

Yaya,

Gaisuwa. Ba zan tambaye ka komai ba. Ranar Alhamis ina kan bencin, mai shayi ya yarda zai ɗauke mu hoto. Ka sa takalminka duka biyu. Zan zo da lema.

Sai na gan ka.
Auta