Gawayi a Akwatin Zaɓe

Ohio, watan Oktoba

Zuwa ga Yaya Lowell,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kana lafiya, kuma sojoji ba su ƙarasa aske ɗan gashin da ya rage maka ba. Yaya gwiwar? Tunda sun ƙwace maka waya a sansanin horo, ga ni na koma biro da takarda. Ka yi haƙuri da rubutun, ka san ban da makarantar allo ta kawuna a Columbus babu ajin da na taɓa zama a nutse.

Labarin gida babu daɗi. Uwar ƙungiyarmu ta ɗalibai ta aiko cewa duk reshen da bai kai mutum goma ba kafin hutun Disamba, za a karɓe takardar izininsa a rufe gidan. Mu tara ne, Yaya. Gidan da 'ya'yan mahaƙa kwal suka gina da hannunsu, don sauran ƙungiyoyin ɗaliban jami'ar nan sun ƙi su wai farcensu baƙi ne! Yaran yanzu gidajen kiɗa da giya suke so. Wa zai zo wurin masu tukunyar wake da burodin masara ran Lahadi, inda ba mai ɗaga cokali sai kowa ya zauna?

Mutum ɗaya muka samu, Brantley, ubansa dillalin motoci ne. Ya zo cin abincin Lahadi, ya fara ci kafin rabinmu su sauko. Sai ya nuna hoton waɗanda suka kafa gidan ya ce, "Su waye waɗannan masu fuskar yunwa?" Tobias, wanda ya gaje ka a shugabanci, ya yi dariyar dole har ya ƙware. Ni kuwa na zuba wa baƙon gishiri a shayi. Ya shanye tas, to ko ba komai yana da juriya.

Asabar za mu jefa masa ƙuri'a. Ka yi mana addu'a irin taku, ni ma zan yi irin tamu.

Ƙaninka a ƙungiya,
Liban

Watan Nuwamba

Yaya Lowell,

Bayan gaisuwa, ina fata sanyi bai matsa muku ba. Wasiƙarka ta iso, na gode. Mu dai lafiyar jiki kawai muke da ita.

An yi zaɓen yadda aka saba tun zamanin mahaƙan. Kowa ya ɗauki farar tsakuwa ɗaya da gawayin kwal ɗaya ya dunƙule, don hannun kowa ya yi baƙi, kada a gane mai ƙi. Muka bi layi, kowa ya cusa hannu cikin akwatin ya saki ɗaya, ya jefa ɗayan a buhu. Da Tobias ya jawo aljihun akwatin, sai ga tsakuwa takwas da gawayi ɗaya. Ka san doka: gawayi ɗaya ya isa a ƙi mutum, kuma ba a sake kawo sunan mutum sai wata shekara.

Ni da mugun halina sai dariya ta kuɓuce mini. Wallahi ta firgici ce. Duk suka juyo.

Cormac, ƙaton nan da muke ɗaki ɗaya, ya ce, "Kai ɓeran gida, wannan ma wasa ne?"

Na ce, "Ɗan'uwa, dubi hannunka, ai ya fi nawa baƙi."

Ya ce, "Wa ya sa akuya a ɗakin Lowell bara? Wa ya ɗinke ƙafar wandona ran jarrabawa?"

Ni ne, ban musa ba. Amma farar tsakuwa na saka, Yaya. Na toshe hanci na saka ta don gida ya rayu.

Yanzu Tobias ya tono wata tsohuwar ƙa'ida: in wanda ya jefa gawayi ya dafa fitilar da mahaƙan suka bar wa gidan ya rantse a gaban kowa cewa kuskure ne ko wasa, ana iya sake zaɓe. Kullum yana bakin ƙofata. "Liban, don Allah ka ce kai ne, mu wuce wurin. Ba wanda zai riƙe ka, mun san halinka." Ka ji fa. In rantse a kan abin da ban yi ba, ko in zura ido gida ya mutu. Abinci ma ba ya shiga. Rabona da tsokanar wani har na manta.

Naka,
Liban

Watan Disamba

Yaya Lowell,

Ina gaishe ka da kyau, ina fata horon ya kusa ƙarewa lafiya. Ka gaida Mamanka in ka samu kiranta.

Da farko na yanke shawarar zan rantse. Da safen ranar rantsuwar ina wanke tukunya sai ɗaya daga cikinmu ya shigo kicin, ya ja ƙofa, ya ce, "Kada ka dafa fitilar nan da ƙarya. Ni na jefa." Na ce, "Kai? Ka haukace ne?" Ya ce, "An gina gidan nan don waɗanda aka raina. In mun shigar da mai raina su don kawai mu cika goma, me muka ceta, bango? Ko sau nawa aka sake, gawayi zan saka." Yana magana yana kuka, majina har leɓe. Na so in kwaɗa masa ludayi, na kuma so in rungume shi. Ban yi ko ɗaya ba.

Da aka taru aka ajiye fitilar a gabana, na ce ba zan rantse ba. Cormac ya ce, "Ka kashe gida da wasa, ka binne shi da taurin kai." Daga baya ma ya kwashe kayansa daga ɗakinmu. Wanda ya jefa gawayin kuwa yana zaune a cikinsu, ya sunkuyar da kai. Da na nuna shi da yatsa da na wanku nan take. Amma ranar da ka shigar da ni ƙungiya ka sa na yi alkawarin abin da ya shiga akwati ba ya fita ta bakin ɗan'uwa, ba ka ce sai in gidan yana raye ba.

Jiya wakilin uwar ƙungiya ya zo da jakarsa, ya cire takardar izini daga bango, aka kwance haruffan Girka uku na sunan ƙungiyar da ke saman ƙofa. Kowa ya yi sallama da kowa, ni mutum biyu ne suka ba ni hannu.

Na san za ka tambaye ni sunansa. Kada ka tambaya, Yaya, don kai ma ba zan gaya maka ba, kuma ba na so in ga ka shiga layin masu fushi da ni. In ka dawo Ohio ka neme ni a gidan kawuna. Kada ka bi ta titinmu, an riga an kafa allon haya a ƙofar.

Ka huta lafiya.

Ƙaninka har yanzu, in ka yarda,
Liban