Wadda Za Ta Haɗa Hannuwan

Daga Urbika a Kartaj zuwa ga yayarta Rogata a Tugga, gaisuwa mai yawa.

In kina lafiya, ni ma lafiya lau. Yaya, an sa rana, ƙarshen Yuni! Ke za ki haɗa hannuna da na Sabinu. Kin san sai matar da ta yi aure sau ɗaya, mijinta kuma na raye. To wa ya fi ki? Ke kika raine ni, bakinki nake so ya fara yi mana fatan sa'a, ki ce "Feliciter" kafin taro ya amsa. Ki ce wa mijinki Namfamo, sarkin rowa, ya zo da man zaitun ɗin da zan shafa a ƙofar gidan miji. Ki huta lafiya.

Daga Rogata zuwa ga ƙanwarta, gaisuwa.

Na yi murna, 'yar autata. Amma ba zan samu zuwa ba, girbin alkama ya riƙe ni. Ki nemi wata. Ga man nan na aiko. Alloli su tsare ki.

Yaya,

Alkama? Haba! Alkama ta fi ni? An yi bikin jiya. Matar mai gidan burodi ce ta haɗa hannuwanmu, ko sunana ba ta iya faɗa daidai ba. Duk unguwa ta ɗauki ihun "Feliciter", ni kuwa ina ta waige-waige kamar wadda ta ɓata a kasuwa. Kin karya mini zuciya. Sai wata rana.

Daga Rogata zuwa ga amarya, gaisuwa.

Tunda an gama, sai in faɗa. Zazzaɓi ya ɗauke Namfamo tun kafin wasiƙarki ta farko ta iso. Hannuna ya zama na gwauruwa, ba zan ɗora shi a kan aurenki ba. Da kin sani, da kin ɗaga bikin kin zo makoki, na san halinki. Man nan shi ya matse da kansa, ya hana kowa taɓawa, wai na Urbika ne. Ranar bikinki na tsaya a ƙofar gida na faɗi kalmar da ƙarfi, har kaji suka watse. Ina kewarsa, ƙanwata, kamar in mutu. Feliciter. Ki zauna lafiya.

Yaya,

Wayyo. Ranar bikin ina shafa man nan a ƙofa ina zaginki a raina. Akwai saura a tulun, ba wanda zai taɓa. Gobe ina hanya.

Urbikarki.