Ƙanwata Ce Ta Rubuta Dokar Da Za Ta Rufe Tagar Babanmu

Gwaggo Fung, ki taimake ni da shawara, don abin nan ya fi ƙarfina. Ni ba mutumin rubuta wa jarida ba ne. Matata ce ke karanta filinki da ƙarfi ina cin abinci, ina yi wa masu rubuto miki dariya. Yau ga ni a layinsu. Ranar sharar kaburbura, da muke gyara kaburburan iyaye duk shekara, ta kusa, kuma ban sani ba ko da ƙanwata zan hau tudun nan zuwa kabarin mahaifinmu, ko ni kaɗai. Mu biyu rak aka haifa. Na canza sunaye, ko da yake duk wanda ya ga jaridun watan jiya zai gane ni.

Ina da shagon canji a unguwar Sham Shui Po. Kunya ce ta sa na ce shago, taga ce kawai tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da taliya. Babanmu ne ya buɗe ta. Da ya rasu, ƙanwata Pui-shan tana sakandare, sai na ajiye karatuna na zauna a kujerarsa. Ta wannan tagar aka biya mata makaranta har ta zama lauya. Ban taɓa yi mata gori ba, ko in ce ban taɓa ba sai ranar da zan ba ki labari. Hotonta na kammala karatu yana manne a bayana kusa da na Baba, duk mai zuwa canji sai na nuna masa.

Da mutane suka koma biyan komai da waya, canjin takarda ya mutu. Sai na koyi harkar kuɗin kirifto, wato kuɗin intanet, da tsufana, ina lalube. Mutum ya miƙo tsabar kuɗi in tura masa cikin wayarsa, ko ya turo mini in ba shi a hannu. Masu zuwa wurina ba manya ba ne. 'Yan kasuwar kayan waya ne, da matan Indonesiya da Filifin masu aikin gida, waɗanda ke zuwa ranar hutunsu su aika wa yaransu abin makaranta. Wasunsu na san sunayen 'ya'yansu da ajin da kowa yake.

Ita kuwa Pui-shan tana aiki a hukumar da ke sa ido kan hada-hadar kuɗi. Tun farko ta shaida wa shugabanninta sana'ata, suka bar ta a kan aikinta. A gida ba ta taɓa maganar ofis, har Mama kan tsokane ta, "Wannan baki naki ko an ɗinke shi ne a wajen aiki?" Sai kawai muka ga an fito da daftarin doka a kan shaguna irin nawa, ana neman ra'ayin jama'a. Kowa a layinmu ya san tana cikin waɗanda suka rubuta. Na karanta shi har ƙarshe, Gwaggo. Sai da lasisi. Sai da jarin da ko na sayar da ɗakin da muke kwana ba zan haɗa ba. Sai ka ɗauki ma'aikaci na musamman wanda aikinsa bin ƙa'ida kawai. A ina zan ajiye shi? Ni kaina sai na karkace nake shiga. Sannan kowane mai ciniki ya kawo shaidar adireshi, takardar ruwa ko ta wuta da sunansa. Macen da ke kwana a lungun kicin ɗin uwargijiyarta, wace takardar wuta gare ta? Can ƙarshe kuma har da wata tambaya, wai ko ya dace a sassauta wa ƙananan shaguna. Na ce ka ji mini, an wasa wuƙa ana tambayar kaza wace miya take so.

Ba zan ɓoye miki ba, na san dalilin dokar. Bara wasu samari masu kwat suka buɗe shago a ƙarshen layinmu, fitilu kamar gidan biki, suna alkawarin riba. Na gargaɗi Madam Chiu, abokiyar wasan majong ɗin Mama, ta ce hassada nake yi. Wata safiya aka tashi ƙofa a garƙame, sun tafi da abin da ta tara don tsufanta. Yanzu kwali take tarawa a bayan kasuwa tana sayarwa. In na hango ta sai in sunkuyar da kai, alhali ban ci mata ko sisi ba. Amma ni irinsu ne? Shekarun da na yi a tagar nan ba wanda ya taɓa dawowa da kuka.

Da aka sa ranar taron jin ra'ayi, sai Pui-shan ta kira ni a waya. Ta ce, "Yaya, kar ka zo. Ka rubuta abin da ke ranka, zan nuna maka inda ake aikawa." Na ce, "Kunyata kike ji?" Ranar taron na sa rigar da na sa ranar bikin kammala karatunta na tafi. Tana zaune a ƙarshen teburin manya, ita ce ke lura da lokacin masu magana. Na tashi na fara bayanin matan nan da takardar wuta, ban kai rabi ba ta danna ƙararrawa. Ba ta ko ɗago ba ta ce, "Malam Szeto, lokacinka ya ƙare, mun gode."

Malam Szeto. Yarinyar da na goya zuwa asibiti da zazzaɓi. Ban san lokacin da na ɗaga murya ba na ce, "Ku tambayi wadda ta rubuta takardar nan da kuɗin wace taga ta yi karatu!" Wasu suka yi dariya, wasu suka ɗaga wayoyi. Fuskarta ta yi fari fat, amma ta kira mai magana na gaba kamar ba abin da ya faru. Washegari muna cikin jarida, hotona da nata gefe da gefe.

Kowace Asabar muna kai Mama gidan shayi da safe. Asabar ɗin da ta biyo baya Pui-shan ta zo, ta wanke mana kofuna, ta ɗauki buta za ta zuba mini kamar yadda ta saba tun tana ƙarama. Na sa tafin hannuna na rufe bakin kofin. Ta daɗe a tsaye da butar a hannu. Mama, wadda dama ba ta da lafiya, ta ce, "To madalla. Ku ƙarasa ni kafin likita ya gama lissafinsa." Pui-shan ta zuba wa Mama, ta ɓare mata shinkafar da ke naɗe cikin ganye, ta tafi ba ta ci komai ba. Tun ranar ba ta sake zuwa ba. Mama ta ce an ɗauke ta daga aikin dokar an kai ta wani sashe. Ban tambayi dalili ba.

Abin da ke ci mini rai shi ne kabarin. Duk shekara ni nake cire ciyawa in wanke dutsen, ita kuma ta durƙusa da siririn buroshi ta sabunta rubutun sunan Baba da jan fenti, don ni rubutuna tun Baba yana raye abin dariya ne. Rana da damina sun cinye na bara. In ba ta zo ba haka sunan zai zauna a koɗe, maƙwabtansa duk suna sheƙi.

Ina baƙin ciki, Gwaggo, kuma ina jin haushi, ban san wanne ya fi yawa ba. Ni ne babba, ni aka wulaƙanta, ni zan rasa abincina. Ni zan je wurinta? In rufe tagar da kaina tun ba a zo an rufe mini ba? Kuma ki gaya mini tsakani da gaskiya, dokar nan daidai ce?

Mai Taga, Sham Shui Po

Amsar Gwaggo Fung

Ya kai Mai Taga, na karanta wasiƙarka kuma ta taɓa ni. Bari in fara da dokar, don ita ce mai sauƙin amsawa.

Garinmu ba gona, ba ma'adinai. Amana muke sayar wa duniya, da ita muke ci. Babbar ƙasa za ta iya shanye abin kunya goma ta wuce, mu kuwa wake ɗaya ya isa ya ɓata mana gari. Saboda haka lasisi zai zo, kuma ya kamata ya zo. Kai ka san kanka mai gaskiya ne, amma Madam Chiu daga bakin titi ba ta da yadda za ta bambanta tagarka da shagon masu kwat. Lasisi ne zai yi mata wannan aikin.

Sai dai kai ma kana da gaskiya, kuma ba ƙarama ba. Wanda ke riƙe dukiyar mutane a hannunsa wata da watanni daban yake da wanda ake ba shi ya bayar nan take, bai kamata a ɗora musu kaya iri ɗaya ba. Dokar da ta kori matan nan daga tagarka ba za ta hana su aika kuɗi gida ba, hannun wanda ba a gani za ta tura su. Fasahar kirifto tana ajiye sawun kowane kuɗi da aka tura, amma ba ta san fuskar kowa ba. Kai ne ke ganin fuska, kuma hukuma tana buƙatar irinka. Don haka kar ka rufe. Ka tara 'yan'uwanka masu ƙananan shaguna ku rubuta tun ba a rufe karɓar ra'ayi ba. Ku nemi a sa iyaka ga abin da ƙaramin shago zai canza a rage jarin da ake nema a wurinsa, a karɓi takardar kwantiragin aiki a madadin ta wuta, a bar ku ku haɗu ku ɗauki ma'aikacin bin ƙa'ida guda, a kuma ba da wa'adin shiri. Ba zan yi maka alkawarin za a ji ba. Mai yiwuwa tagar ta rufu, ko ka koma wakilin wani babban kamfani mai lasisi. Ka fara tambayar wannan hanyar tun yanzu.

Yanzu ga mai wuyar. Tambayar nan ta ƙarshen daftari da ka yi wa ba'a, wa kake tsammani a teburin nan ya taɓa shiga tagar da sai an karkace? Ban san cikin ofishinsu ba, amma na san irin wannan tambaya ba ta shiga takarda sai wani ya tsaya mata. Ta ce kar ka zo, ka rubuta, don amsar wannan tambayar take so ta iso gabansu daga gare ka. Ta kira ka Malam Szeto don da ta ce Yaya a gaban taro, duk abin da ka faɗa ya zama maganar gida, an zubar. Ya yi maka zafi, na yarda, kuma da ta zaunar da kai tun farko ta yi maka bayanin iya abin da aka yarda ta faɗa, da ba a kai nan ba. Wannan nata ne. Amma magana zarar bunu ce. Taka ta fita a gaban 'yan jarida, kuma ga dukkan alamu ita ce ta raba ta da aikin. Mutum ɗaya da ya san ƙamshin taliyar maƙwabcinka a wannan tebur, yanzu ba ya nan.

Ka yi mata karatu, gaskiya ne, kuma ba wanda zai biya ka. Amma lauya ka yi, ba mai gadin taga ba. Da ta karkatar da doka dominka, da kai ne na farko da zai cire hotonta daga bango.

Kai za ka je, don kai ne babba, kuma hannunka ne a kan kofin. Kar ka aiki Mama, ta ɗauki abin da ya ishe ta. Kar ka tayar da maganar doka ko ta taga. Ka biya shagon da kuka saba ka sayi jan fenti da sabon buroshi, ka kai mata har ƙofa, ka ce ka yi kuskure a taron, da bakinka ba a waya ba. In ta ba ka shayi, ka ɗaga kofi. In ba ta ba ka ba, ka ajiye fentin ka tafi, ka kuma jira ta a gindin tudu ranar sharar kaburbura.

Taga dai mai yiwuwa ba za ta kai baɗi ba, kuma ina taya ka jimaminta tun yanzu. Amma ba ita kaɗai Baba ya bar maka ba. Ina yi wa Mama fatan sauƙi, kai kuma ina fatan bana ka riƙe gwangwanin fenti, ƙanwarka tana durƙushe tana rubuta sunan da ku biyu kuke amsawa.

Gwaggo Fung