Almakashin Baba

Zuwa ga ɗana, Sarkin Ƙeya,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyali. In ka ga rubutun nan kamar kaza ta taka tawada, da hagu na yi shi. Na daman yana hutu tun da ɓarin jikina ya shanye.

Jiya an cusa kaina cikin na'ura an ɗauki hoton ƙwaƙwalwata. Albishirinka: akwai ta! Malamin da ya kore ni daga aji huɗu bai ga wannan rana ba. Likita ta ce hannun ba shi da laifi, mai ba shi umarni ne can sama ya yi shiru, amma maƙwabtansa za su iya koyon aikin in an matsa musu. Da ta ce in raya a raina ina riƙe da almakashi, sai wani lungu ya ɗan yi haske, kamar tocilan da batirinta ya sha wuya.

Uwarka ta ce kana so a bar wa mai sayar da waya shagon askina. Ban mutu ba tukuna.

Naka, Baba.

*

Baba,

Ina gaisuwa tare da fatan ƙarin sauƙi. Ba raini ba ne, wallahi. Shagon yana kulle, ƙura ta cinye kujerar, ga shi Inna ta ce ko cokali ba ka iya riƙewa. Wa zai miƙa wa hannu mai rawa kansa? Ka huta haka nan, mu ɗauki nauyin.

Allah ya ƙara lafiya. Ɗanka.

*

Sarkin Ƙeya,

Muna gaishe ka. Hutu kuwa ai na sha har ya gundure ni.

Yanzu aikin madubi aka ba ni. Na sa an ciro na shago, uwarka tana tsayar da shi a kan tebur tsakanin hannuwana. Na daman yana ɓoye a baya, ina motsa na hagun, ƙwaƙwalwa tana hango shi a madubi ta zaci na daman ne ya tashi aiki. Shekaru ina nuna wa mutane madubin nan ina ce musu sun yi kyau, yau ga shi kaina nake yi wa ƙarya da shi, kuma tana ci! Shekaranjiya babban yatsa ya motsa. Uwarka ta yi guɗa, ni kuwa wani abu ne ya faɗa mini a ido.

Yanzu ina aske tsohon burushin share ɗaki. Bai taɓa kai ƙara ba.

Ka tambayi wa zai miƙo kansa. Gaskiyarka. Na yi wa abokaina tayi, duk sun ce gashi suke tarawa, har da mai sanƙo.

Ka gaida jikokina. Baba.

*

Baba,

Barka da ƙoƙari. Ina nan tafe ranar Asabar, kuma na fasa yin aski a nan. In ka gama da kaina kunnuwana biyu suna nan, ba zan sake tayar da maganar shago ba.

Ɗanka mai biyayya, da ɗan tsoro.

*

Sarkin Ƙeya,

Da fatan ka sauka lafiya. Ka ce wa matarka ta daina dariya: ramin nan na bayan kunne ba kuskure ba ne, ƙeyarka ce tun asali ba ta da hanya.

Mutum biyu sun leƙo shago neman aski bayan tafiyarka. Ɗaya ya zauna.

Ga hula nan na aiko maka, ka sa har gashin ya toho. Ka kuma duba sa hannun da ke ƙasa da kyau. Ba da hagu na yi shi ba.

Baba.