Abin da ya sami rawanin Baba

Tanut, 9 ga Oktoba

Zuwa ga Yayana Barmo,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina roƙon Ubangiji ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da Raishatu da yara, ya kuma sauƙaƙa maka ciwon bayan da ka ce yana damunka. Mu nan lafiya lau. Damina ta yi kyau, gonarmu ta wajen Ollelewa ta ba da gero fiye da na bara. Inna Tata ce dai ƙafa ta hana ta fita, sai dai a kai mata labarin majami'a har gida, ta saurara ta kuma gyara wa mai ba da labarin.

Saƙonka ya iso cewa in aiko maka da farin rawanin Baba, ka naɗa ranar ɗaurin auren 'yarka Radiya. Na ƙi kiranka a waya da gangan, domin na san halinka, ba za ka bar ni in kai ƙarshen magana ba. Rawanin yana cikin ƙunshin da na ba direba, amma bai kai tsawon da ka sani ba. Ni na sa masa almakashi da hannuna. Ka zauna ka karanta kafin ka fara faɗa.

Ka san ziyarar gidan kaso da Baba ya fara lokacin da yake katekis, mai koyar da addini a majami'armu, ni da Inna Tata muka riƙe ta bayan rasuwarsa. Lahadi ɗaya bayan ɗaya muke kai tuwo da sabulu, mu zauna da mutanen ciki, mu yi addu'a da wanda ya so. Da Inna ta kwanta sai na rage ni kaɗai. Mompe, firist ɗin da ke zuwar mana daga Damagaram, ya ce in nemi sababbin mutane, kuma kada in tsaya a kan 'yan majami'a, tunda mu duka ba mu cika benci huɗu ba, kuma na ciki kusan dukkansu Musulmi ne, wasu ma Hausarsu kaɗan ce. Na ce masa to, amma a zuciyata ban yarda ba. Gani nake aikin gidanmu ne, me zai kawo baƙo ciki? Maƙwabciyata Kaltuma mai fura ta daɗe tana cewa in tafi da ita, don ƙanenta ya taɓa zama a can kuma ya ci tuwona. Sai da na ga tukunyar ta fi ƙarfin wuyana sannan na ce ta zo. Gaskiya ɗaukar kaya na kira ta, ba wani abu ba.

A cikin mutanen akwai wani Buzu mai suna Agali, magidanci ne, an kawo shi saboda faɗan da ya tashi bayan raƙumansa sun shiga gonar wani, yana jiran shari'a. Ziyara uku ina miƙa masa kwano, sai ya rufe bakinsa da tafin hannu ya juya wa mutane baya. Abokan ɗakinsa suka ce haka yake, loma biyu yake yi fuskarsa a bango, sai ruwa. Ya rame har ƙashin wuyansa ya fito, likitan da ya duba shi kuma bai ga wata cuta ba. Ni kuwa na riga na yanke hukunci cewa abincin Kirista ne ba ya so. Abin ya yi mini zafi, har na daina tsayawa a gabansa.

Kaltuma kallo ɗaya ta yi masa ta ajiye tukunya. Mahaifiyarta Buzuwa ce ta wajen Belbeji, ni kuwa shekara goma muna katanga ɗaya ban taɓa tambaya ba. Ta sunkuyar da kai ta yi masa magana da yarensu, ya amsa ta bayan hannunsa. Da muka fito ta ce mini ba tuwona ya ƙi ba. An karɓe rawaninsa a ƙofa, domin doka ba ta barin dogon ƙyalle a ciki, gudun kada wani ya cuci kansa da shi. Shi kuwa tun da ya zama namiji bai taɓa buɗe bakinsa gaban dattijo ko baƙuwar mace ba, balle ya tauna abinci. Ta ce in ɗauka an cire mini zane an ce in zauna tsakiyar kasuwa in ci tuwo. Yaya, kunya ta kama ni. Wata ɗaya da rabi mutum yana ƙarewa a gabana, ni ina can ina fushi a madadin majami'a.

Muka je wurin shugaban gidan kason, ya saurare mu da kyau, ya ce zai bar ƙyallen da bai wuce kamu ɗaya da rabi ba. Na ce to mu sayo yadi a kasuwa. Kaltuma ta girgiza kai, ta ce guntun yadi tsumma ne, in ya ɗaura sai a ce ciwon haƙori yake yi. Amma a wurinsu uba ko kawu ne ke naɗa wa namiji rawaninsa na farko, saboda haka in guntun ya fito daga kan wani dattijo, girmamawa ce. Na dawo gida na buɗe akwatin Baba. Na daɗe ina riƙe da rawanin, har yanzu da ɗan ƙamshin turarensa. Na tuna da kai, na tuna da Radiya, sannan na yanka.

Da muka koma, Kaltuma ta miƙa wa Agali guntun da hannu biyu, ta gaya masa na wane ne. Ya juya ga bango ya ɗaura, ya ja shi har kan hanci. Da ya juyo sai ga wani mutum dabam. Ya gaishe ni da Hausa, gaisuwa doguwa, har da tambayar dabbobin da ba ni da su. Ya karɓi kwanon, yana zura cokali ta ƙarƙashin ƙyallen, ya cinye tas ya nemi ƙari. Ni da ba na kuka gaban mutane sai da na fita waje. Akwai wasu Buzaye biyu a ɗakin da suke ta kallonsa, ka san sauran, su ma na yanka musu. Kamu huɗu da rabi ke nan suka fita, kuma bakin da ya rage na dalmashe shi da allura.

Yanzu mu biyar ne masu zuwa. Kaltuma ta kawo wata Bafilatana mai nono, ni kuma na samo malaman makaranta biyu daga majami'a. Kafin mu shiga kowa ya yi addu'arsa, mu ɗauki tukunya. Kaltuma ta fi ni iya zama da su, na faɗa mata, kuma ba ta yi mini gardama ba.

Ga abin da ya sa na rubuto. Lahadin da ta wuce Agali ya tambaya ko mai rawanin ya bar ɗa namiji. Na ce e, har ma zai aurar da 'ya. Sai ya ce ashe rabon wani yake sanye da shi. Ya ce in tambaye ka, in kana so zai kwance ya wanke ya maido, a haɗa maka. Na ce ba sai an yi haka ba, ya ce ba ni ce mai cewa ba, kai ne. Kuma gaskiyarsa. Ban nemi izininka ba, na yi laifi, ka yi mini gafara. Amma na ga yadda hannunsa ya tafi kan ƙullin yana magana, kuma na san da gaske yake yi.

Ka gaishe mini da Raishatu, da amarya Radiya, ka ce mata ina nan tafe da turaren wuta. Inna Tata tana gaishe ku, Kaltuma ma haka. Ranar ashirin ga wata zan koma gidan kason, kuma shi ne zai fara tarata a bakin ƙofar ɗaki. Ka kira ni kafin ranar, ka faɗa mini abin da zan ce masa.

Ƙanwarka mai taurin kai,
Ladi